Mabiyiyar Ɗan Yemima

Shekarar da citta ta ruɓe a gonakin Kwoi, Yemima ta bi mijinta Rufus zuwa Kafanchan. Shi ya kama acaɓa, ita ta samu aiki a wata rumfa da ake niƙa tsoffin silifa da tiyo ana narkawa. A cikin hayaƙin nan take wuni, nan take cin tuwonta da zafinsa a leda.

Tana wannan aiki ta samu ciki, bayan shekara bakwai da aure. Ba ta daina zuwa ba sai a wata na takwas, da naƙuda ta kama ta a bakin injin.

Yaron ya zo ɗan mitsitsi. Sista Hellen, ungozomar asibitin, ta roƙi a ba ta ɗan yankin mabiyiya, ta ce wasu masu bincike na tarawa. Uwar Rufus ta ce sam, a gidansu ɗungurungum ake binne ta.

"Mama, ki bari su yanka," in ji Yemima. "Ina so in san abin da ya hana shi girma."

Kwanansa tara a duniya. Fasto ya yi addu'a, aka binne shi a bayan gidansu da sunan Kaleb.

Bayan wata biyar Sista Hellen ta zo har ƙofarsu, ta zauna a kan benci.

"Yemima, akwai sinadarin da ake sa wa roba ta yi laushi. An same shi da yawa a mabiyiyarki. Ta nan jariri ke samun kitsen da yake gina jiki da ƙwaƙwalwa, naki kuwa bai daidaita ba: wani iri ya yi yawa, wani ya yi kaɗan."

"Wato ni na kashe shi, Sista?"

"A'a. Su ma masu binciken ba su ce shi ne dalili ba. Suna dai zargi."

Yemima ta daɗe tana kallon tafin hannunta.

Washegari ta je rumfar, ta ja Stella gefe, wadda ta gaji wurinta a injin, ita ma da ciki wata huɗu. Ta faɗa mata duk abin da ta ji. Stella ta saurara har ƙarshe, idonta ya cika da hawaye.

"Anti, na ji. To in na bari, me za mu ci?"

Yemima ta kwance ɗankwalinta, ta ɗaura wa Stella a hanci, ta kama hanyar gida.