Hular Kwano ta Biyu

Abdulghani ya ɗaga shuɗiyar jakar da hannu ɗaya, sai ya tsaya cak a tsakiyar garejin. Ya ajiye ta, ya sake ɗagawa. Hular kwano ce a ciki, irin wadda ya yi kwana huɗu yana ɗauka yana ajiyewa, kuma ya san nauyinta sarai, kilo ɗaya da giram ɗari huɗu. Wannan kuwa ta kusa ninka waccan sau uku.

Ya buɗe baki zai faɗi lambar kamar yadda ya saba, sai Raed ya dafa kafaɗarsa.

"Kawu, halas, kada ka ce komai. Zo nan."

Raed ɗan maƙwabcinsu ne tun zaman Karantina, kafin a rushe unguwar kowa ya kama gabansa. Yanzu shi ke kula da ma'aikatan gida da wannan ƙungiyar tseren motoci ta ɗauka a Jidda, kuma shi ya samo wa Abdulghani aikin ɗaukar kayan direba. Hausarsa ta ji Larabci har ta gode Allah, amma idan magana ta sirri ce, ita yake ɗaukowa, don Turawan garejin ba sa ji.

Suka raɓe bayan tarin tayoyi.

"Idan direbanmu Mish'al ya fito daga mota, zai ba ka hularsa ya goge fuska. Kai kuma ka mayar masa da wannan. Da ita zai hau mizani. Shi ke nan aikin."

"Me aka sa a ciki?"

"Kawu..."

"Darma ce. Ina jin ta ƙarƙashin soson."

Raed ya waiga ya dubi babban injiniya, wani Bature mai jan gemu da ma'aikata suka laƙaba wa Abu Lihya. Sannan ya yi bayani da sauri. Dokar tsere ta ce mota da direbanta da kayan jikinsa kada su gaza wani nauyi. Motarsu ta gaza da kilo biyu da ɗan wani abu, da gangan, don mota mara nauyi ta fi gudu. Yau ake gwajin da zai nuna wanda zai tsaya a sahun gaba gobe, kuma rabon ƙungiyar da sahun gaba shekara biyu ke nan.

"Abu Lihya cewa ya yi ma kada a gaya maka," in ji Raed. "Wai ɗan dako ba zai lura ba. Na ce masa bai san wanda ya ɗauka ba."

Lallai bai sani ba. Mahaifin Abdulghani shekara talatin ya yi yana awon kayan alhazai, kuma yana da wata al'ada da duk wanda ya yi aiki da shi ya sani. Kafin ya ɗora jaka a sikeli sai ya ɗaga ta, ya faɗi nauyinta da ƙarfi kowa ya ji, sannan ya ɗora. Da haka babu mai iya raɗa masa a kunne ya rage ko ya ƙara. Abdulghani ya gaji hannun, ya gaji bakin. Ko kankana ya ɗauka a kasuwa sai ya faɗi kilonta. Matarsa Mastura ta daina kai yara awo a asibiti, tana cewa ga sikeli a gida yana cin tuwo. Shi kuwa yana ji da wannan baiwa fiye da yadda ya kamata dattijo ɗan shekara hamsin ya ji da wani abu, kuma bai taɓa ɓoye hakan ba.

"Kawu, ka tuna da iƙamarka, takardar zamanka a ƙasar nan," Raed ya ce a hankali. "Kwana nawa ya rage?"

"Goma sha tara."

"Mudir, shugaban kamfanin, ya ce ranar Lahadi zai sa hannu, kamfanin ya zama kafilinka, ya tsaya maka a sabunta ta. Wallahi sai da na roƙe shi sau uku. Jaka ce kawai za ka miƙa. Ba kai ka zuba darmar ba."

Abdulghani ya dubi jakar. Tsohon kafilinsa ya rufe shagonsa na unguwar Bagdadiyya ya koma ƙauyensu, kuma wata biyu ke nan yana yawon neman wani. A Jidda aka haife shi, a nan aka binne iyayensa. Idan takardar nan ta mutu, za a iya tura shi ƙasar da bai taɓa gani ba sai a hirar mahaifinsa, ya bar Mastura da yara huɗu a gidan haya a Madain Fahd. Tsoro ya kama shi sosai. Ya ɗauki jakar.

Bayan la'asar motocin suka fita. Ƙararsu ta cika bakin teku, iska mai gishiri tana kwaso ƙaurin taya zuwa cikin gareji. Ma'aikata suka taru gaban allo suna kallon lambobi. Da Mish'al ya kammala zagayensa na ƙarshe, sunansa ya haye sama, garejin ya kaure da ihu. Wani makanike ya rungume Abdulghani har da hawaye. Waɗannan mutanen sun yi watanni suna fama da motar nan, yawancinsu ba su san da wata hula ta biyu ba.

"Yalla, Kawu, mu je," in ji Raed.

Mish'al ya fito jiƙe da gumi, ya cire hular ya miƙa masa, ya karɓi tawul. Abdulghani ya juya baya, ya zura ta ƙasan keken kaya, ya zaro ta biyun. Ya miƙa wa Mish'al ita. Da direban ya karɓa, wuyan hannunsa ya ɗan yi ƙasa, ya yi sauri ya rungume ta a ƙirji, bai dubi kowa ba. Wato shi ma ya sani.

Suka nufi rumfar awo, Abdulghani na biye da tawul da gorar ruwa.

Jami'in awon, Sa'ud, mutum ne mai son raha. Tun ranar farko da ya ji labarin Abdulghani ya mai da shi abin nishaɗinsa. Kullum sai ya miƙa masa wani abu, tukunyar kashe gobara ko akwatin sifana, ya ce a faɗa, sannan ya ɗora a ƙaramin sikelinsa yana tafa hannu. Sau bakwai ya gwada shi, sau bakwai aka tashi daidai. Yau ma da ya hango shi sai ya washe baki, ya kira shi da sunan da ya laƙaba masa. Ya zare hular daga hannun Mish'al don direban ya gyara igiyar takalminsa, bai ko lura da nauyinta ba, ya cusa wa Abdulghani.

"Ya Mizan! Ga mai sauƙi yau. Nawa?"

Mutum kamar goma ne a rumfar. Raed na tsaye a bakin ƙofa, fuskarsa ta yi fari. Abu Lihya yana bayansa.

Amsar mai sauƙi ce kuwa. Ɗaya da ɗari huɗu, a yi dariya, a wuce. Wataƙila ma Sa'ud ba zai ɗora ba, ga layin direbobi na jira. Abdulghani ya shirya lambar a bakinsa. Kada a ce waliyyi ne, don shi da hannunsa ya miƙa hular ɗazu, kuma da an bar shi da ya koma gida da bakinsa a rufe. Amma ɗaukar kaya daban, faɗin nauyi daban. Tun yana ɗan shekara tara a gefen mahaifinsa bai taɓa faɗin lambar da hannunsa bai ba shi ba, kuma ya ji harshensa ya ƙi juyawa.

"Uku da ɗari takwas," ya ce, da ƙarfi, yadda aka koya masa.

Sa'ud ya ƙyalƙyale da dariya. "Yau dai ka faɗi ƙasa, ya Mizan. Hular kwano ce, ba tukunyar gas ba." Ya karɓa don ya kunyata shi, ya ɗora a sikeli.

Dariyar ta tsaya. Sa'ud ya dubi allon, ya dubi Mish'al, sannan ya ɗaga rediyon hannunsa.

Kafin magariba an soke sakamakon Mish'al, an kira shugabannin ƙungiyar ofishin alƙalai. A gareji babu wanda ya zagi Abdulghani. Makaniken da ya rungume shi ɗazu ya zauna kan taya ya haɗa kai da gwiwa. Raed ne ya zo karɓar katin shiga, idanunsa jajir.

"Kawu, ni ma sun ce in jira kira. Da ka yi shiru mana. Shiru kawai."

"Tambayata aka yi, Raed."

Ya cire katin daga wuyansa ya ba shi. Abin da ya fi yi masa ciwo shi ne yaron nan da ya roƙa masa sau uku, kuma ya gaya masa haka. Raed ya kaɗa kai ya tafi.

Ya yi salla a masallacin bakin hanya, ya hau bas mai zuwa kudu. Suna wuce Bagdadiyya wayarsa ta yi ƙara.

"Abu Layan, yaya?" in ji Mastura, don haka take kiransa. "Mudir ɗin zai sa hannu Lahadi?"

"Ba zai sa ba."

Ya ba ta labarin duka, bai rage nasa laifin ba. Yana jin muryar yara a bayanta suna faɗa kan talabijin.

"Kwana goma sha tara, Abdulghani," ta ce daga baya.

"Na sani. Gobe da sassafe zan je kasuwar kifi, an ce wani yana neman mutum."



"To da aka ɗora, nawa sikelin ya ce?"

"Uku da ɗari takwas."

"Daidai?"

"Ko giram bai kauce ba."

Ya ji ta ja dogon numfashi.

"Ka taho da burodi," ta ce. "Na yara ya ƙare."