Ranar da Arvid Ya Ƙi Hawa Mataki

Tun kafin a haifi Linnea nake jan wasa a ɗakin ƙasan gidanmu da ke Duluth, a Amurka. Ni ke ba da labari, abokaina kowa ya riƙe jaruminsa, dayis irin na ludo ya raba gardama. Da idona ya fara gajiya sai na miƙa wa Linnea kujerar. 'Yata ce, malamar jinya, ba ta da wasa.

A teburina, kowace Lahadi jarumai suna hawa mataki: ƙarfi ya ƙaru, sihiri ya ƙaru, kowa ya koma gida yana washe baki. Ita kuwa ta ce atafau, ba mai hawa sai labari ya kai inda ya dace. Ƙanƙara ta sauka, ta taru, jarumai na nan a mataki na biyu.

Cikin abokan wasan, Bernadette ta yi haƙuri. Arvid kuwa, tsohon direban jirgin ruwa mai bakin tsiya, ya kasa.

"Ke yarinya," ya ce yana nuna ta da guntun donot, "a hannun ubanki da yanzu ina murƙushe dodanni. Ke kin bar ni ina gudun beraye! Yau in ban hau ba, ki mayar wa tsohon nan kujerarsa."

"Na ji, Kawu. Jefa dayis ɗinka."

Gabana ya faɗi. Na san Arvid, in ya tashi teburin ya watse, kuma na ga yadda yarinyar nan ke ɓata hutunta tana zana taswira. Na buɗe baki zan sa baki, ta harare ni. Na kama kofina.

A labarin ranar, ta kai jaruman cikin ramin haƙar ma'adinai da ruwa ke ci. Rufi ya rufto, ƙafar maharbiya, jarumar Bernadette, ta karye. Mayaƙin Arvid ba sihirin tashi, ba maganin warkarwa, sai igiya da fitila guda. Ga ruwa ya kai ƙugu, ga wani abu yana numfashi a cikin duhu.

"Tafi ka bar ni," in ji Bernadette. "Na yafe."

"Rufe min baki, Hajiyar surutu," in ji Arvid. "Na goya ta!"

"In ka goya ta, da hannu ɗaya za ka hau igiyar," Linnea ta ce a sanyaye. "Ka faɗo, ku duka kun tafi."

Wallahi na ga Arvid ya ɗauki dayis ya ajiye har sau biyu. Mutumin da ya ratsa guguwar tafki da jirgin ƙarfe! Ya hura wa dayis iska, ya jefa. Dayis ɗin ya gangara, ya bugi kofin Bernadette, ya tsaya. Da ƙyar lambar da ta fito ta isa fitar da su. Muka kwashe da ihu har matata ta leƙo daga sama tana tambayar wa ya mutu.

Linnea ta bari muka lafa, sannan ta ce, "Kun fito, gari ya waye muku a bakin ramin. Kawu, yanzu kam ka ci mataki na uku."

Arvid ya cire tabarau ya goge. Ya daɗe yana kallon taswirar.

"Abin nan mai numfashi, yana nan a ƙasa?"

"Yana nan."

"To riƙe matakinki tukuna. In na hau, zan koma in sare shi kamar kabewa. Rabon da in ji tsoro a teburin nan tun ina da gashi a ka. A haka nake so in koma masa." Ya juyo gare ni. "Kai kuma, tsoho, zauna inda kake. Kujera ta sami mai ita."

Zagi ne, na sani. Amma ban taɓa jin zagin da ya yi min daɗi irinsa ba. Na miƙe wai zan ƙaro kofi, don kada su ga idona.