Takardar da Badung Ya Manna

Inbata, na'urar da ke ba da wuta daga batir, na ta kuka, Klaudiya ta kai hannu za ta zare wayar kwamfuta daga bango.

"Maman Hosana, kar ki taɓa!" in ji Abdulfatah, telan da ke shagon gefe, wanda ƙarar ta jawo. "Oga bai taɓa kashe ta haka ba."

Kwana tara ke nan da binne mijinta Badung, sai yau ta iya buɗe shagonsa na hoto a Gada Biyu. Kwamfutar da ke ƙarƙashin tebur tana kunne tun safiyar da ya fita bai dawo ba. Hotunan bukukuwan jama'a na shekara goma sha biyu suna ciki, har da bidiyon da yake koya wa 'yarsu Hosana tafiya. An ɗauke wuta tun jiya, batir ya kusa ƙarewa.

Abdulfatah ya nuna mata wata takarda manne a jikin kwamfutar, mai bayanin yadda ake kashe ta. Rubutun Badung ne, karkataccen nan da ta sha yi masa tsiya a kai.

"Ɗaya, tsayar da mai karɓar hotuna. Biyu, mai kwafa, a bar shi ya gama. Uku, ma'ajiya, don kowa a cikinta yake rubutu. Wanda ya fara da ita ya lalata komai."

Mutumin da ba ya iya jera takalmansa, ga shi ya jera wa na'ura layi, har ya sa wa kowanne lamba a allon kwamfutar. Ta danna ɗaya, ya rufe. Ta danna biyu, ya ce a jira.

Kukan inbata ya ƙaru. Abdulfatah ya kashe ƙwan lantarki da firij don batir ya ɗan ja. Ita dai ta ƙura wa allon ido, tsoro ya cika ta, tana roƙon Allah a zuci. Da ƙyar biyu ya gama. Ta danna uku, sannan maɓallin kashewa.

Saura layi ɗaya a takardar: "Kar a zare waya sai fanka ta yi shiru."

Wannan fankar ta cikin kwamfutar ce take ji a bayan muryarsa duk lokacin da ya kira ta daga shago. Ta saurara tana raguwa, har ta tsaya.

"Alhamdulillahi, komai ya tsira," in ji Abdulfatah.

Klaudiya ta gyaɗa kai, ta zauna a kujerar mijinta, hawaye na zuba.

"Shi ya kunna ta, Malam Abdul," ta ce. "Ni na kashe."