Fekla Na Neman Rana Ɗaya

Shekara uku Fekla Krukoff, mai kula da tsibiran yankinmu na Alaska, tana yi wa masana tambaya ɗaya: wace rana za a zuba wa ɓeraye guba a tsibirin tsuntsaye? In an makara, tsuntsayen teku sun dawo, gubar ta haɗa da su. In an yi sauri, ƙanƙara ta binne ta. Ɓerayen kuwa, tun da suka sauka daga wani jirgin kifi da ya kife, ƙwai suke sha kamar gadon ubansu.

Taro biyar aka yi a otal ɗin birni. An ci, an sha, an tafa. Amsar kullum: "Ana bukatar ƙarin bincike."

Saura wata guda tsuntsaye su dawo, sai Fekla ta kira taro na shida a tsibirin kansa. Ƙaninta Nikifor ya kwaso masana huɗu a kwalekwale, ya sauke su a bukkar katako, ya koma bayan dutse ya kashe inji.

Farfesa Whitcomb, babbansu, ya baje takardu. "Uwargida Krukoff, alƙalumanmu ba su kammala ba tukuna."

"Allah sarki, Farfesa. Su ma ɓerayen haka suka ce, sai kun kammala za su ci gaba."

"Ba na son in faɗi rana in yi kuskure."

"Ni ce zan zuba, ni mutanen gari za su zaga. Kai rana kawai za ka faɗa."

La'asar ta yi, iska ta taso. Farfesa ya leƙa. "Ina mai jirgin?"

"Nikifor? Bincike yake a kan igiyar ruwa. Yaron nan akwai tsantseni, sai ya yi kwana uku bai kammala ba."

Ta raba musu busasshen kifi da shayi. Wani ɓera mai ƙiba ya fito, ya bi ta kan takalmin Farfesa a natse, ya ɗauki rabonsa. Jama'a, ban taɓa jin ilimi ya nuna da sauri irin na ranar ba. Suka haɗa kai, suka yi ƙus-ƙus, minti ashirin.

"Tara ga Afrilu," in ji Farfesa. "Amma da sharuɗɗa."

"Rubuta sharuɗɗan a baya, ranar a gaba. Sa hannu, dukanku."

Ta ninke takardar ta cusa cikin rigar sanyi, sannan ta fita bakin ruwa ta ɗaga wa Nikifor hannu.