Maɗaciyar Kifi

Tun da ɓarin jikin Baba ya shanye, maganarsa ta ɗauke, gyaran kifi ya dawo kaina. Da kuwa shi ne masuncin gidan, ba mai taɓa masa wuƙa.

Ranar nan yayana ya kawo kifi daga ruwa, wani ma bai gama motsi ba. Na tsuguna bakin famfo ina kankarewa, Baba na kan tabarma yana kallona. Ina farke cikin babban, sai Baba ya hau gurnani yana dukan ƙasa da hannunsa mai lafiya.

"Haba Baba! Yanzu za ka ci, ka bar ni in ji da abu ɗaya mana," na ce a fusace.

Ya janye hannunsa.

Na dafa a gurguje, ko ɗanɗanawa ban yi ba. Na zare ƙaya, na riƙa ba shi a baki har ya cinye tas.

Sai da na kai nawa baki na tofar. Ɗaci kamar me! Ashe maɗaciyar na fasa, abin da yake ta ƙoƙarin gaya mini ke nan.

Na waiga, idona ya kawo ruwa. Baba ya turo mini kwanonsa a hankali, wai in ƙara masa.