Askin Ganyen Gwanda

Mai aski ba ya iya ganin abu ya yi tsaga-tsaga ya ƙyale shi. Matarsa ta san halinsa, amma da za ta tafi jinyar yayarta ta kwana uku, ba ta da wanda za ta bar wa dashenta sai shi.

Gwangwani arba'in ne a tsakar gida, gwanda da kuɓewa. Babu rubutu a jikin ko ɗaya, da ganye take gane su. Na gwanda dogayen yatsu ne masu zurfin tsaga, na kuɓewa tafin hannu mai gajerun yatsu. Ta ce ruwa kawai zai ba su. Ranar dawowarta shugaban makaranta zai zo ɗaukar gwanda ashirin, in kuwa ta haɗa masa da kuɓewa, ta rasa babban mai sayenta ke nan.

Ranar farko ya ba su ruwa. Rana ta biyu ya tsaya kallo, almakashi na masa nauyi a aljihu. Wani yatsan ganye ya fi 'yan'uwansa tsawo. Ya ɗan rage shi. Sai munin na kusa ya fito. Kafin yamma kowane ganye ya koma kamar murfin kwalba. Ya sake jera gwangwanayen daga dogo zuwa gajere, ya share ƙasa, ya zagaya ya duba ƙeyarsu.

Ta dawo, ta ajiye jaka, ta daɗe tsaye.

"Maigida, wanne ne gwanda?"

Ya ce ai yanzu duk sun yi kyau. Ta ce ba kyau ta tambaya ba. Ya ce a jira sabon ganye. Ta ce shugaban yana hanya.

Ta jawo masa kujera. Ganyen gwanda ɗaci, na kuɓewa yauƙi. Ta riƙa tsinka tana miƙa masa, yana taunawa. Ɗaci dama, yauƙi hagu. A gwangwani na goma sha biyu magana ta gagare shi, sai ta koma karanta fuskarsa: in ya runtse ido ɗaya, gwanda ce.

Shugaban ya iso, ya juya gwangwani a hannu, ya ce bai taɓa ganin gwanda mai tarbiyya irin wannan ba. Ya kwashi ashirin, ya ce yana son ƙarin talatin masu wannan ganye.

Ta dubi mijinta. Yana riƙe da haɓa, idonsa ɗaya bai buɗe ba.

"Za a samu, Malam," ta ce. "Sai dai a ɗan yi haƙuri. Mai yin ba ya jin daɗin bakinsa."