Hannun Hagu na Baba Rafali

"Ba zai shiga ba," in ji Ifeyinwa. Ta tokare ƙofar ɗakin da hannu ɗaya, ɗayan kuma yana riƙe da robar ruwan da ta gama goge wa mahaifinta jiki da shi. "Maman Fatu, ki gaya masa ya tafi tun ina ganinsa da sauran mutunci."

Mansir yana tsaye a tsakar gida da ledar lemo a hannu, filasta a goshi. Dogo ne har sai ya sunkuya kafin ya wuce ƙarƙashin igiyar shanyarmu, amma ran nan duk ya tsuke kamar rigar da aka wanke da ruwan zafi. Ni kuma ina tsakaninsu da kwanon kunun gyaɗa yana ƙona mini yatsu.

"Ifi, gaisuwa kawai ya zo yi," na ce.

"Ya riga ya gaishe shi a kan titi."

Mansir ya ajiye ledar a bakin rijiya, ya juya ya fita. Har yamma lemon nan yana wurin, ba wanda ya taɓa.

Mu biyu muka fi kowa daɗewa a gidan hayar nan na Yelwa, ni da Baba Benedict. Ɗalibai su zo su gama karatu su tafi, mu muna nan, bango ɗaya ya raba ɗakunanmu. Ina suyar awara a ƙofar gida, shi kuma yana da ɗan shagon littattafai kusa da ƙofar jami'a. Amma ba wanda ya san shi da littafi. Baba Rafali ake ce masa, don ya yi ƙuruciyarsa da rabin tsufansa yana alƙalancin ƙwallon kwando, daga wasan makarantu har na jiha. Tun yana saurayi ya zo Bauchi, a nan ya yi aure, a nan ya binne matarsa, a nan aka haifi Ifeyinwa, amma har ya koma ga Mahaliccinsa "kai" yake ce mini. Na gyara masa har na gaji na bari.

Mutumin nan bai taɓa ajiye aikinsa ba. Usur ɗinsa kullum yana wuya, kuma duk abin da ya faru a gidan sai ya yanke masa hukunci. Ranar da akuyata ta cinye masa ugu, ganyen miyarsu da ya shuka a bayan bayi, na zo ina ba shi haƙuri, sai ya dunƙule hannun dama ya ɗaga sama.

"Wannan kuma mene ne, Baba?"

"Laifi ne, Maman Fatu. Amma ƙarami. Akuya ta je neman ganye, ba ta je neman Benedict ba." Sai ya ɗago hannun hagu ya kama wuyan hannun daman a saman kansa. "In ka ga na yi haka, to laifin ganganci ne. Mutum ya bar ƙwallo ya je neman mutum."

"To kai yaya kake sanin abin da ke ran mutum? Labarin zuciya dai an ce a tambayi fuska."

"Fuska tana ƙarya. Ni ba na ganin zuciya, ba aikina ba ne. Hannu nake kallo. Ina hannu ya je, wajen ƙwallo ko wajen wuyan ɗan uwansa? Shi ke nan aikina."

Na ce masa Allah ya kyauta, na koma kan awarata. Amma alamun nan biyu sun zauna mini, har Fatu tana ƙarama ta riƙa yi wa kaji.

Abin da ke tsakaninsa da Mansir kuwa, kowa a layinmu ya sani. Lokacin Mansir yana tashen wasa, an yi wani wasan ƙarshe, har masu zaɓen 'yan wasa suka zo daga Legas, kuma an ce shi suka zo gani. Wani yaro ya yi tsalle zai jefa ƙwallo, Mansir ya finciko shi daga baya ya faɗi da ƙugu. Baba ya busa usur, ya kama wuyan hannu. Dama ya riga ya kama masa sau ɗaya a farkon wasan, na biyu kuwa kora ce. Mansir ya fita filin yana kuka, ya nuna Baba da yatsa a gaban jama'a ya ce wallahi sai ya rama. Mutanen Legas suka tafi da wani. Mansir ya ƙare a tuƙin keke napep, Yelwa zuwa Wunti, Wunti zuwa Yelwa, yanzu ga mata ga 'ya'ya. In sun haɗu da Baba ba gaisuwa ba zagi, kowa ya kau da kai.

Sai ranar nan da safe. Baba ya sauka titi zai tsallaka zuwa shagonsa, keken Mansir ya taho, muka ji ƙarar birki. Kafin in ajiye matsami in fita, keke yana cikin kwata a kife, Baba yana kwance a kan kwalta. Ƙugunsa ya karye, haƙarƙari ya taɓa huhu. Asibiti suka riƙe shi suka yi iyakar yinsu, daga baya likita ya kira Ifeyinwa gefe ya ce ta kai shi gida ya huta a ɗakinsa. Duk mun san ma'anar wannan.

Baki shi ke yanka wuya. Maganar da Mansir ya faɗa yana yaro, wadda ta kai shekarun Fatu a duniya, sai ga Ɗanlarai mai shayi ya tono ta yana zuba wa kowa tare da madara. "Ni da kunnena na ji. Sai na rama, haka ya ce." In ka ce masa ai keken a kwata ya ƙare, sai ya ce bayan ya buge shi ne ya murɗa don a ce tsautsayi. Ba wanda ya ga gaban keken a lokacin sai wanda aka buge. Ifeyinwa ta taho daga Jos inda take aikin jinya, wannan labarin ta fara tararwa a bakin layi tun kafin ta ga mahaifinta. Ta shigar da ƙara. Aka ba da belin Mansir, keken yana hannun 'yan sanda, aka ce in tsohon ya cika maganar za ta koma ta kisa. Matar Mansir ta fara aiko 'ya'yanta wurina sayen awara ba yaji, don a ci da garin kwaki.

Ni dai na gaji. Na gaji da jin "da gangan ne", na gaji da jin "tsautsayi ne", na gaji da nishin Baba ta cikin bango. Ifeyinwa ma ta gaji, idanunta sun faɗa, ta daina ɗaura ɗankwali daidai. Baba kuwa yawanci barci yake, in ya farka maganarsa sai ka kai kunne bakinsa.

Washegarin ranar lemon, bayan la'asar, ina ba shi kunu da cokali, ya kau da baki.

"Jiya wa ya zo?"

Na dubi Ifeyinwa. Ta ci gaba da ninke zani kamar ba ta ji ba.

"Mansir ne, Baba," na ce.

"Kira shi."

"Papa, ba zai taka ɗakin nan ba."

Ya laluba ƙirjinsa, ya kamo usur ɗin, don ko a asibiti ya hana a cire masa. Ya kai baki ya hura. Ba ƙara, sai wata 'yar iska mai kama da ta tukunyar da ta fara tafasa. Ifeyinwa ta tsaya da zanin a hannu. Ita ce tun tana 'yar firamare take riƙe masa jaka a bakin fili, ta san ba a musu da usur.

"Je ki kira shi, Maman Fatu," ta ce.

Ban yi nisa ba. Yana zaune a kan dakalin masallacin layinmu, inda yake wuni tun da aka karɓe keken. Ya cire takalmi a ƙofar ɗakin, ya shiga ya durƙusa a gaban gadon, duk da haka kansa ya kusa kai tsayin Ifeyinwa.

"Baba, sannu. Yaya jiki?"

Baba ya dube shi kawai.

Da Mansir ya yi shiru da ya fi masa. Amma ya sunkuyar da kai ya fara magana.

"Baba, ba zan yi maka ƙarya ba kana kwance. Na hango ka tun daga wajen mai faci. Raina ya ɓaci, kamar yadda yake ɓaci duk ranar da na gan ka. Na ce a raina ga tsohon nan. Ban rage gudu ba lokacin da ya kamata. Na zata za ka tsaya, sai ka sauko." Ya goge hanci da bayan hannu. "Tun ranar nake tambayar kaina ko na so hakan. Wallahi ban sani ba, Baba. In na ce ban so ba sai in tuna fushin. In na ce na so, kuma na san ban so ba."

"Kin ji ko, Maman Fatu?" in ji Ifeyinwa, muryarta ƙasa ƙasa. "Ke shaida ce. Da bakinsa ya faɗa."

Na ji, kuma na so a ce ban ji ba. Na tuna 'ya'yansa da robar garin kwaki, na ji kamar in kwaɗa masa kwanon kunun a ka.

Leɓen Baba ya motsa. Muka matsa.

"Hannu," ya ce. Ya huta. "Ina hannunka ya je?"

Mansir ya ɗago. "Na murɗa kan keken, Baba. Wajen kwata."

"Kafin... ko bayan?"

"Kafin. Gefen keken na baya ne ya juyo ya same ka."

"Na gani," in ji Baba.

Sai ya fara ɗaga hannun dama. Da ƙyar yake tafiya, fatar tana lilo a jikin ƙashi, ya dunƙule yatsun ya miƙar da shi sama iyakar yadda zai iya. Muka tsaya muna kallo. Sannan hannun hagu ya motsa a kan zanin gado, ya taso. Hannun ya tashi har daidai fuskarsa, ya buɗe shi ya juya mana tafin, don mu ga lafiyarsa ƙalau, ba gazawa ya yi ba. Sannan ya mayar da shi a hankali ya tura ƙarƙashin bayansa ya danne. Na daman yana sama shi kaɗai yana rawa.

"Papa," in ji Ifeyinwa, "ya ce ya yi fushi. Ya ce bai rage gudu ba."

"Laifi ne," in ji Baba. "Na busa." Ya daɗe yana neman iska. "Fushi kuma... na Allah ne. Ba a ba ni wannan usur ba."

Bai sauke hannun ba. Ya ƙura wa 'yarsa ido yana jira, irin jiran da yake yi a fili sai mai rubuta maki ya gyaɗa kai. Hannun yana ta karkarwa, gumi ya tsattsafo masa a goshi. Ifeyinwa ta cije leɓe har na zata zai fashe.

"Na gani, Papa," ta ce. "Sauke."

Ita ta kama hannun ta kwantar masa, ta zaro na hagun daga ƙarƙashinsa ta gyara. Ba ta dubi Mansir ba. Ta ce masa kawai ya tashi ya ba ta wuri za ta juya Baba. Maimakon ya fita, sai ya sa dogayen hannayen nan ya ɗaga tsohon cak, ita kuma ta ja zanin gadon ta shimfiɗa sabo.

Ranar Lahadi da hantsi Baba ya cika. Ina tsaka da suya na ji nishin da na saba ji ta bango ya ɗauke, na sauke kaskon ban ko kwashe awarar ba. Na yi kuka sosai, fiye da yadda na zata zan yi wa mutumin da ya shekara da shekaru yana ce mini "kai". Aka binne shi kusa da matarsa. Tsofaffin 'yan wasansa suka zo, dogaye dogaye, wasu da furfura, suka cika mana tsakar gida. Bayan an share makoki Ifeyinwa ta je ta janye ƙararta, aka yi zaman sulhu da dattawan cocinsu da limamin layinmu, aka sako keken. Ɗanlarai har gobe yana nan a kan bakansa. Ni kuwa in an tambaye ni abin da ke zuciyar Mansir a safiyar nan, cewa nake ban sani ba, shi ma mai zuciyar ya ce bai sani ba.

Ranar da Ifeyinwa za ta koma Jos ta ba ni tukwanen mahaifinta da fitilarsa, ta rufe ɗakin ta miƙa mini makulli in ba mai gida. Muka fito da jakarta bakin titi. Kekuna suka wuce a cike da ɗalibai. Can sai ga na Mansir, gefensa a lotse, gilashin gaba da tsaga. Ya tsaya ɗan nesa da mu, bai yi hon ba.

Ta daɗe tana kallon keken. Sannan ta ɗauki jakarta da kanta ta shiga baya, ta zauna can ƙarshen kujera, igiyar usur ɗin a naɗe a hannunta.

"Tasha," ta ce.

Na tsaya a bakin kwatar ina kallonsu. A hankali yake tafiya, hannayensa biyu a kan keken, har wata mai tallar gyaɗa da ke tafe a ƙasa ta jera da su, ta wuce su kafin su kai wajen mai faci.